Ruwan Banki, Ruwan Garka

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Alkasum. Duk shekara in watan ya kama sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki alƙalami in sake ajewa, don ban san ta inda zan kama mutumin ba. Bana dai na ce ko me ke nan sai na rubuta. Tsadar da muka sha a shekarun nan ta sa ba na shiga kasuwar Madawa in fito ban tuna da shi ba. Sannan akwai maganar da ke tsakaninsa da ƙanensa Hamidu, wadda ta daɗe tana cin raina. Su biyu uwa ɗaya uba ɗaya, ni ce autarsu, amma Alkasum ya bar duniya ba su magana da juna.

Ƙauyenmu yana kusa da Karofan, a bakin kwarin Tarka. Da damina gero da dawa a tudu, da rani albasa a garka, wanda bai da garka kuma ya ɗauki jakarsa ya tafi bida, wato ci-rani. Lokacin da aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, gidaje da yawa ɓoye nasu suka yi. Babanmu ya duba ƴaƴansa maza biyu, ya ga Hamidu ƙarami ne amma hannunsa ya san hauya, Alkasum kuwa siriri ne mai yawan tambaya, sai ya miƙa wanda gona ba za ta yi kewarsa ba. Alkasum da kansa yakan ba da wannan labari yana dariya. Daga nan ya yi Madawa, ya yi Tawa, ya yi Yamai, har ya ƙetare waje, ya dawo aka ɗauke shi aiki a babban banki. Ba bankin da ni da kai muke kai ajiya ba, a'a, wanda sauran bankuna ke zuwa wurinsa neman kuɗi.

Aikinsa bin farashi ne. Nawa tiyar gero a Buza, nawa a Tawa, nawa buhun shinkafa, nawa litar mai, ya ya suke a watan jiya, ya ya suke bara. Su tattara, su auna, su rubuta wa manya abin da suka gani. Aikin ya bi jikinsa har ya zama ciwo. Ba ka isa ka aike shi sayen tumatur ya dawo da wuri ba, sai ya tsaya ya tambayi mai tumatur yadda ya sayar makon jiya da dalilin da ya sa ya ƙara. Matarsa ta daina zuwa kasuwa da shi tun suna amarya da ango.

Innarmu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Na Yamai take ce masa. Ran da ya zo gida karo na farko bayan ya kama aiki, ta tambaye shi mene ne aikin nasa takamaimai. Ya yi ta kewaye-kewaye yana neman Hausar da za ta ɗauki maganar, daga ƙarshe ya ce mata a wurinsu ne ake duba ko a ƙara ruwa ko a rage. Kuɗin ruwa yake nufi, wato abin da ake ɗorawa a kan bashi. Inna ta dube shi sama da ƙasa.

“Ashe gado na,” in ji ta. “Kakanka ma shi aka tambaya batun ruwa.”

Mahaifin Inna cikin annan dauri yake, masu tsafin gargajiya, kafin gidanmu ya musulunta. Shi ne yake hawa dutse gabanin damina ya dawo ya faɗa wa gari ko shekarar mai ruwa ce ko a yi tattali. Inna ta yi salla duk rayuwarta, amma wannan alfahari bai bar ta ba. Ba wai ba ta san bashi da ruwa ba, ba yarinya ba ce. Ita dai ba ta taɓa yarda ta haɗa waccan kalma da ɗanta ba, musamman da yake akwai masu gunaguni a bakin masallaci cewa albashin banki ba shi da tsarki. Ta zaɓi ruwan da ya yi mata, ta riƙe. Alkasum ya so ya gyara mata, muka harare shi ya bari. Kafin ya koma Yamai rabin gari na ce masa Sarkin Ruwa, wasu da wasa, wasu har zuci.

Ni na fahimci aikin ne lokacin da na zauna gidansa ina karatun zama malamar makaranta. Ba wai na tambaya ba, Alkasum ba ya jiran a tambaye shi. Yakan ce in kaya suka fara tsada ko'ina, babban banki sai ya ƙara ruwan kuɗin da yake ba ƙananan bankuna. Su ma sai su ƙara wa masu zuwa wurinsu. Bashi ya yi tsada, mutane su rage ci, kuɗin da ke yawo a hannu ya ragu, sai farashi ya sassauta gudu. Na ce masa in haka ne ai abu mai sauƙi, a ƙara mana kawai. Ya ce a nan wahalar take. In ka ƙara da yawa ko ka yi gaggawa, ka shaƙe ɗan kasuwa da manomi da mai son buɗe shago. In ka yi jinkiri, tsada ta cinye albashin ma'aikaci da ɗan abin da tsohuwa ta ƙulle a bakin zane. Kuma abin da ka yi yau ba ka ganin sakamakonsa sai bayan watanni. Ya ce kamar ban ruwan albasa ne, in ya yi yawa ta ruɓe, in ya yi kaɗan ta ƙanƙance, sai dai mai garka yana ganin fangalinsa da ido, su kuwa ba su gani.

Sai shekarar nan ta zo da abinci ya yi tsada a duniya baki ɗaya. Waɗanda suka manyanta sun tuna ta. Shinkafa ta yi tashin gwauron zabi, mai ya bi ta, gero ma da muke nomawa da hannunmu ya ce ba a bar shi a baya ba. A wannan shekarar ce Hamidu ya ƙudura zai fita daga jan guga. Shi da abokan garkarsa sun haɗa ƙungiya, sun nemi wani asusun ba da rance a Madawa ya saya masu motopom, injin jan ruwa, su biya bayan sun kwashe albasa. An yi masu alkawari da baki. A kan wannan alkawari Hamidu ya karɓi hayar ƙarin fili, ya yashe rijiya, ya zuba iri fiye da yadda ya saba. Bai nemi komai wurin yayansa ba. Yana ganin nauyin da ke kan Alkasum ya isa, kuma yana so a ce wannan abu shi ya yi da kansa. Girman kai ma akwai, gidanmu ba mu rasa shi ba.

Wata rana da hantsi Inna na sauraren labaran Hausa a rediyo, ta ji an ce babban banki ya ƙara kuɗin ruwa. Ta tashi da sandarta har garka, tsohuwa da ciwon gwiwa, ta je yi wa Hamidu albishir. Ta ce masa na Yamai ya tuna da su, an ƙara kuɗin ruwa, injinsa ya zo ke nan. A hanya duk wanda ta gamu da shi sai ta faɗa masa. Hamidu ya san abin da maganar ke nufi, don ya sha zama da mutanen asusu. Ya dai raka ta gida. Ba a daɗe ba asusun ya aiko cewa kuɗin da shi ma yake samowa daga banki sun yi tsada, don haka ya ƙara nasa ruwan, kuma bana sai mai jingina mai ƙarfi za a ba. Sunan ƙungiyar su Hamidu ya faɗi. Ya yi ta jan guga shi da matarsa har hannuwansu suka fashe, amma filin ya fi ƙarfin guga. Fiye da rabin albasar ta ƙone a tsaye, mai fili kuma bai yafe nasa ba.

Abin da ya fi ƙona masa rai, kamar yadda matarsa ta gaya mini, ba asarar ba ce kaɗai. Mutane ne da ke tare shi suna tambaya ina injin da Sarkin Ruwa ya aiko.

Da babbar salla Alkasum ya zo gida. Bayan an ci abincin rana suna zaune a zaure da ƴan'uwa, ni ina daga bayan zana ina jin su. Hamidu ya yi gyaran murya.

“Yaya, an ce kun ƙara ruwa, ni ko garkata ta ƙone. Wane irin ruwa na wanga?”

Da Alkasum ya ce masa sannu, da ya ce Allah ya mayar da alheri, da ya kama hannun nan da ya fashe ya duba, na rantse da maganar ta mutu a zauren. Amma yayana sai ya gyara zama ya buɗe lakwal. Ya ce ba shi ke yanke hukunci ba, rahoto kawai yake rubutawa. Ya ce hukuncin ba na Adar ba ne, ba ma na ƙasarmu kaɗai ba ne, na ƙasashe da yawa ne masu kuɗi iri ɗaya. Ya ce da an bar tsada ta ci gaba da gudu, da tiyar gero ta gagari kowa a zauren nan. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ni kuwa ina bayan zana kamar in fito in toshe masa baki. Hamidu ya bari har ya kai aya.

“Ni ban tambayi ƙasashe ba,” ya ce. “Wana na tambaya.”

Ya sa takalminsa ya fita. Da Alkasum ya gane ɓarnar da ya yi, ya aika cewa zai sayi injin da kuɗinsa. Hamidu ya ce a gaya masa rani ya wuce. Bayan kaka ya sayar da abin da ya rage masa, ya bi motar Abijan.

Na tare Alkasum daga baya a Yamai, na tambaye shi tsakaninsa da Allah ko ya yarda da ƙarin da aka yi. Ya ce rabin tsadar shekarar daga waje ta zo, kuma ƙarin ruwan banki ba ya tsirar da gero, ba ya sauke farashin mai a inda ake haƙo shi. Wannan shi ne abu na farko da ake tambaya kafin a taɓa ruwa: tsadar nan daga yawan kuɗi ta fito ko daga ƙarancin kaya? Amma ya ce akwai abin da suke tsoro fiye da wannan. In magini da tela da mai mota suka fara sa farashi bisa tsoron gobe, kowa na ƙarawa don ya san ɗan'uwansa zai ƙara, to tsada ta yi ƙafafun kanta, ko kaya sun wadata ba ta komawa. Ya ce duk wanda aka zaɓa cikin biyun wani zai sha wuya, bambancin kawai shi ne wani kana ganinsa, wasu dubbai ba ka ganinsu. Na ce masa wanda kake gani ɗin nono ɗaya kuka sha. Ya cire tabarau yana gogewa.

Da Inna ta rasu Hamidu ya zo. Tabarma ɗaya suka zauna suna karɓar gaisuwa, kafaɗa na gogar kafaɗa, kowa na amsa wa baƙi da amin, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Na yi kuka a wannan zaman makoki, kuma ba duka na Inna ba ne. Na shiga tsakani, kawunmu ya shiga, liman ya shiga. Alkasum yana cewa shi ne babba, ya riga ya aika sau ɗaya an mayar masa. Hamidu yana cewa shi ba ya gaba da kowa, magana ce dai ba shi da ita. Haka shekaru suka yi ta tafiya, kowannensu yana jin akwai sauran lokaci. Da ciwon Alkasum ya yi tsanani aka kwantar da shi likita a Yamai, na buga wa Hamidu talho a Abijan. Ya ce zai taso in ya sallami kayan da ke hannunsa. Bai ɗauka abin ya kai haka ba, mu ma ba mu ɗauka ba. Ya iso an riga an kai shi.

Yanzu in na zauna ina tambayar kaina me Alkasum zai ce da ya ga shekarun nan. Da ya ga lokacin da iyaka ta rufe, magani da shinkafa suka yi wuyar samu. Da ya ga albasa ta taru a rudu, rumbun ajiyarta, tana ruɓewa don babu hanyar fita, alhali abin da za a saya da kuɗinta yana hawa kullum. Mun ji a rediyo an ƙara ruwa, an sake ƙarawa, daga baya aka ɗan sassauta. Na san zai zauna ya rarrabe mana wace tsada ce ta rashin kaya, wace ce ta tsoro, wace ce ta ƴan kasuwar da ke ɓoye hatsi. Na san zai ce mutanen da ke zaune a kan wannan kujera ba mugaye ba ne, ba kuma masu duba ba ne, lissafi suke da abin da ya zo hannunsu, wani lokaci su dace, wani lokaci su makara. Zai gundure mu, ba shakka. Amma yau da nake jin kowa a tasha yana faɗin abin da ya ga dama a kan kuɗi, ina kewar mutumin da zai ce bai sani ba tukuna, sai ya duba. Abin da ban sani ba shi ne ko tsufa zai koya masa ya fara da sannu kafin bayani.

Hamidu ya dawo gida gaba ɗaya bayan rasuwar. Gemu ya yi fari, faɗan ya ragu. Da yake ya ga duniya kuma ba a taɓa kama shi da cin amana ba, gari ya ɗora shi a kan bankin cimaka, wato rumbun gari da ake cikawa da kaka a sayar wa mutane da sauƙi in damina ta yi tsakiya, abinci ya ƙare a gidaje. Shekarun farko lafiya lau. Sai bara, da gero ya yi tsadar da ba a saba gani ba. Mutane suka zo suna so a sayar masu a farashin da aka saba. Hamidu ya duba ya ga in ya yi haka, abin da za a tara ba zai sake cika rumbun da kaka ba, baɗi a buɗe a tarar da rabi, baɗin waccan a tarar da ƙasa. In kuma ya ƙara, akwai gidajen da ya san ba su da shi, ya san su da suna, ya san ƴaƴansu. Ya tara ƴan kwamiti suka kai ruwa rana, daga ƙarshe suka ce shi ne shugaba, ya yanke. Ya ƙara farashin, bai kai na kasuwa ba amma ya ƙara, ya kuma ƙayyade tiya nawa kowane gida zai saya.

Rumbu ya tsira. Amma Ada, abokinsa tun na ƙuruciya wanda suka yi ƙungiyar injin nan tare, mai iyali da yawa, ya daina amsa sallamarsa. An ce a gaban mutane Hamidu ya tsaya yana yi masa bayanin baɗi da baɗin waccan, Ada ya juya ya bar shi tsaye.

Watan jiya, ranar kasuwa, Hamidu ya zo gidana a Madawa. Ba al'adarsa ba ce ya zauna, yakan gaisa daga tsaye ya ce mota za ta tashi. Ran nan ya zauna. Na kawo masa fura ya sha kaɗan ya aje. Ya ba ni labarin Ada, wanda na riga na ji, na bar shi ya faɗa da bakinsa. Ya ce ya je gidan Ada da kansa, bai yi bayanin komai ba, ya zauna dai a ƙofar gida har aka kawo masa ruwa. Ya ce ba su gama shiryawa ba amma sun fara gaisawa. Sai ya shiga juya ludayi a cikin kwano.

“Ke kina wurin sa'adda shina kwance,” ya ce. “Ya ambace ni?”

Na so in ce masa e, ya kira sunanka, ya ce ya yafe. Da ya tafi da sanyin zuciya. Amma ba haka aka yi ba, kuma Hamidu ya san yayansa, da ya gane ƙarya ce. Na gaya masa abin da ya faru. Alkasum bai kira sunansa ba ko sau ɗaya. Sai dai duk wanda ya zo dubiya daga gida, bayan an gaisa, tambayarsa ɗaya ce: ya ya albasa bana a Karofan, ta yi kuɗi? Mutane suna fita suna cewa Sarkin Ruwa ko a gadon likita bai bar aiki ba. Ni ma da farko haka na ɗauka, har na lura ba ya tambayar gero, ba ya tambayar shinkafa, ba ya tambayar komai sai albasa.

Hamidu ya ce ai lokacin ya daɗe da barin garka, yana Abijan. Na ce masa Alkasum ya sani. Yana jira ne ya ji shekarar da albasa za ta yi kuɗin da zai sa mai garka ya dawo gida.

Bai yi kuka ba, mazan gidanmu ba su iya ba. Ya zauna har la'asar, motar garinmu ta tashi ta bar shi, ya kwana wurina.

Ban san abin da ya rage na Alkasum a babban banki ba. Rahotanninsa ƙila suna cikin wani kwali, waɗanda suka gaje shi ƙila ba su san sunansa ba, farashin da ya bi duk rayuwarsa kuma sun ninka sun bar shi. Abin da ya rage a wurina shi ne mutum mai gaskiya da ya san nauyin hukunci yana faɗa wa wani a ka ko da hukuncin daidai ne, ya san haka a kan ƙasashe, ya kasa faɗa wa ƙanensa. Ina jin haushinsa har yau, ina kuma kewarsa fiye da yadda nake jin haushin. Da safe kafin Hamidu ya tafi ya tambaye ni ko zan iya gane kabarin in mun je Yamai, don shi ran da ya iso an riga an dawo daga maƙabarta, bai kuwa je ba. Na ce zan gane. Mun sa rana bayan an kwashe albasa. Allah ya jiƙan Yaya Alkasum, ya sa ya huta.